Debbie Yow: Matar da Ta Shekara 29 Riƙe da Makullin Wasannin Jami'a a Amurka

  Yau harkar wasanni za mu taɓa, amma a ofis za mu zauna, ba za mu shiga fili ba.

Bari in fara da tambaya. In ana hirar ƙwallo a majalisa, kowa ya san sunan ɗan wasa, kowa ya san koci, har ma akwai masu ba kocin shawara daga kan benci. To wa ya ɗauki kocin nan aiki? Wa zai kore shi in abubuwa suka lalace? Wa ya nemo kuɗin jirgin da ya kai 'yan wasa gasa, kuma wa ya sa hannu aka ci bashin da aka gina filin? Akwai mutum ɗaya da duk wannan ke kan teburinsa, kuma galibi ba mu san shi ba. A jami'o'in Amurka ana kiransa daraktan wasanni. Yau labarin wata mata zan ba ku wadda ta zauna a wannan kujerar daga 1990 zuwa 2019, a jami'o'i uku. Sunanta Debbie Yow. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne hanyar da ta bi ta kai kujerar: ta koyi harkar kuɗi. Kuma a ƙarshe da wannan kuɗin aka auna ta, aka yabe ta, aka kuma zarge ta.

Kafin mu je can, sai na ɗan yi bayani, don in ba haka ba za ku ce me ye abin kambamawa a shugabancin wasannin makaranta. Mu in aka ce wasannin jami'a, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gasar NUGA, a taru a yi mako biyu a watse. A Amurka abin ya wuce nan nesa ba kusa ba. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ku kwatanta da filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, mai ɗaukar kusan 60,000. Filin makaranta fa nake gaya muku. Manyan jami'o'i irin su Ohio State da Texas, kuɗin da sashen wasanninsu ke juyawa a shekara ya haura dala miliyan 200. Akwai wata ƙungiya, NCAA, da aka kafa tun 1906, ita ke tsara dokoki da gasanni, kuma jami'o'i sama da 300 ne a matakinta na ɗaya.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Jami'a za ta iya samun ƙungiyoyi ashirin da wani abu: ninƙaya, kokawa, tanis, guje-guje, hoki, ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga. Amma a yawancin wurare biyu ne kacal ke kawo riba. Na farko ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga, mai kama da zari-ruga. Na biyu ƙwallon kwando ta maza. Su ke kawo kuɗin talabijin, su ke sayar da tikiti, su ke sa attajiran tsofaffin ɗalibai su buɗe aljihu. Da wannan kuɗin ake ciyar da sauran ƙungiyoyin, ake biya wa ɗaruruwan 'yan wasa kuɗin makaranta. Wato kamar gida ne mai mutum ashirin da bakwai, mutum biyu ke fita nema. In ɗayansu ya kwanta ciwo, kowa zai ji a tukunya. Daraktan wasanni shi ne maigidan. Shi ya sa aka daɗe ana ba tsofaffin kociyoyin ƙwallon Amurka wannan kujerar, ana cewa mace ba ta taɓa buga wasan ba, ta yaya za ta shugabanci masu buga shi, ta yaya za ta zauna da attajirai ta karɓo kuɗi?

To, Debbie Yow an haife ta a 1950 a wani ƙaramin gari, Gibsonville, a jihar Karolina ta Arewa. Gidansu gidan ƙwallon kwando ne. Yayarta Kay Yow, wadda ta girme ta da shekara takwas, ta zama ɗaya daga cikin fitattun kociyoyin mata a tarihin ƙasar. Ƙanwarsu Susan ita ma ta yi fice a wasan, daga baya ta zama koci. Ita kuwa Debbie farkonta bai yi armashi ba. Ta shiga Jami'ar East Carolina, ta bar karatun ba ta gama ba. Daga baya ta sake ɗaura ɗamara ta shiga kwalejin Elon, inda yayarta ke koci, ta buga wasa a can, ta gama da digirin Turanci a 1974. Na faɗi wannan ne saboda na san a cikin masu saurarenmu akwai wanda karatu ya tsaya masa, yana ganin shi ke nan an rufe littafinsa. Matar da za ta zo ta shugabanci ma'aikata da ɗalibai ɗaruruwa a jami'a, ita ma ta taɓa ajiye karatu.

Lokacin da ta fito kuma ya dace da wani babban sauyi. A ranar 23 ga Yuni 1972, shugaba Richard Nixon ya sa hannu a wata doka da ake kira Title IX, wato Babi na Tara. Abin da dokar ta ce a taƙaice: duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ba ta da ikon nuna wa wani bambanci saboda shi namiji ne ko mace. Dokar ko kalmar wasanni ba ta ambata ba, amma a wasanni aka fi jin tasirinta. A lokacin, 'yan matan sakandare masu wasa a faɗin Amurka ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3. Jami'o'i suka fara buɗe ƙungiyoyin mata, suka fara neman kociyoyi, kuma ta wannan ƙofar Debbie ta shiga.

Amma ku saurari wani abu da ba a cika faɗa ba. Kafin dokar, sashen wasannin mata daban yake, ba kuɗi, ba mai kallonsa, kuma mata ne ke tafiyar da abinsu. Sama da kashi 90 cikin 100 na kociyoyin ƙungiyoyin mata, mata ne. Da kuɗi ya fara shigowa, sai jami'o'i suka riƙa haɗe sashen maza da na mata wuri ɗaya. Ku canki wa aka ɗora a sama. Namijin ya zama darakta, macen ta koma mataimakiya. Aikin koci ma da albashi ya yi kyau, maza suka shigo, har adadin mata masu horar da mata ya faɗo ƙasa da rabi. Kun ga kenan, dokar ta cika fili da 'yan mata, amma ofishin da ake yanke shawara ya ƙara yi musu nisa.

Debbie ta fara da koyarwa da horarwa a makarantun sakandare. A 1976 ta zama kocin ƙwallon kwando ta mata a Jami'ar Kentucky, tana da shekara 26 ko ƙasa da haka. Daga nan ta je Oral Roberts a jihar Oklahoma, sannan Jami'ar Florida a 1983. Duk inda ta je ƙungiyar na ɗagawa. Da ta so, da ta zauna a wannan layin kamar yayarta, ta tsufa a bakin fili ana tafa mata.

Sai a 1985 ta yi abin da ya ba mutane mamaki. Ta ajiye usur, ta koma ofishin da ke tara wa sashen wasannin Florida gudummawa. Ku gane me wannan aikin yake nufi. Kullum kana kan waya, kana bin 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai, kana cin abinci da mutumin da sai ya ja maka rai wata shida kafin ya rubuta cak. Ba kofi, ba hoto a jarida. Wanda yake koci jiya ana kiran sunansa a lasifika, yau ya koma roƙo da sunan makaranta. Amma a nan ta koyi su waye ke da kuɗin, me ke sa su bayarwa, yaya ake karanta kasafin kuɗi, yaya ake tsara kwangila. A 1987 ta koma Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Greensboro a matsayin mataimakiyar darakta, nan ma tara kuɗi ne babban aikinta. Ni a ganina wannan shekarar ta 1985 ita ce mabuɗin labarin gaba ɗaya. Hujjar da ake kafawa a hana mata kujerar ita ce ba su san kuɗi ba. Ita kuwa ta je ta shekara biyar ba abin da take yi sai kuɗin.

A 1990 Jami'ar Saint Louis ta ba ta kujerar darakta. Makarantar ba ta da ƙungiyar ƙwallon Amurka, don haka ƙwallon kwando ta maza ce uwa ma ba da mama, ita kuma ta daɗe a kwance. A 1992 ta ɗauko wani koci, Charlie Spoonhour. Cikin shekara biyu, a 1994, ƙungiyar ta shiga babbar gasar NCAA, karo na farko tun 1957. 'Yan kallo suka dawo, tikiti ya fara tafiya. Manyan jami'o'i suka fara leƙowa.

A wannan shekarar ta 1994 Jami'ar Maryland ta kira ta. Ta zama mace ta farko da ta shugabanci sashen wasanni a rukunin gasar da ake kira ACC, inda manya irin su Duke suke. Amma kar ku ɗauka gida mai daɗi aka miƙa mata. A 1986 tauraron makarantar, Len Bias, ya mutu sanadiyyar hodar ibilis, kwana biyu bayan ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi. Wannan mutuwar ta girgiza jami'ar, shugabanni suka sauka. A 1990 kuma NCAA ta kakaba wa ƙungiyar ƙwallon kwando takunkumi saboda karya dokoki. Ƙwallon Amurka ba ta cin wasa, kujeru a fili fayau. Bashin da ke kan sashen, kamar yadda jami'ar ta riƙa bayyanawa, ya kai dala miliyan 51. Akwai abin da masu nazarin shugabanci suka lura da shi, cewa sau da yawa sai gida ya kama da wuta ake tunawa da mace a ba ta guga. In ta kashe, to madalla. In ta kasa, a ce dama mun faɗa.

Ta tsuke bakin aljihu, ta matsa wa kowa lamba, ta shiga neman kamfanoni masu talla da masu ba da gudummawa. Sabon zauren ƙwallon kwando da aka buɗe a 2002, mai kujeru kusan 18,000, sunansa ma sayar da shi aka yi wa kamfanin Comcast. A hankali tsohon bashin ya yi ta raguwa har ya dawo ƙasa da dala miliyan 10. Wannan irin aikin ba ya jawo farin jini, jama'a. Duk kocin da ka hana kuɗin tafiya, ka yi abokin gaba. Bahaushe ya ce babba juji ne.

Sai ɗaukar koci, wanda shi ne jarrabawar da kowa ke gani. A ƙarshen 2000 ta ɗauki Ralph Friedgen ya riƙe ƙwallon Amurka. Tsohon ɗalibin makarantar ne, ya haura shekara hamsin, ya shafe rayuwarsa yana mataimaki ba wanda ya taɓa ba shi ragama. A kakarsa ta farko, 2001, Maryland ta ci wasa goma ta lashe kofin ACC, abin da rabonta da shi tun 1985. A 2002 kuma ta ɗauko Brenda Frese daga Minnesota, matashiya 'yar shekara 31, ta ba ta ƙwallon kwando ta mata. A 2006 suka doke Duke da ci 78 da 75 bayan ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin ƙasa na farko a tarihin ƙungiyar. Ɗaya dattijo ne da aka daɗe ana tsallakewa, ɗaya yarinya ce da za a ce ba ta isa ba, duka biyun caca ce, kuma duka ta ci.

A shekara 16 da ta yi a Maryland, makarantar ta ci kofunan NCAA 16: takwas a wasan lakros na mata, wanda ake bugawa da sanda mai raga a baki, huɗu a hokin mata, biyu a ƙwallon ƙafa ta maza, sai ɗaya ɗaya a ƙwallon kwando ta maza da ta mata. Amma a yi adalci, yawancin kociyoyin da suka ci waɗannan kofunan ta tarar da su a can. Nata aikin shi ne ta riƙe su, ta samar musu kayan aiki. Af, ga masu son jin na gida, Obinna Ekezie, ɗan Fatakwal, a zamaninta ya buga wa Maryland ƙwallon kwando, daga 1995 zuwa 1999, kafin ya wuce NBA.

Yanzu bari mu zo ɓangaren da ba daɗi. Kofin maza na 2002, inda suka doke Indiana 64 da 52, Gary Williams ne ya ci shi. Shi ma tsohon ɗalibin makarantar ne, ya dawo a 1989, ya jure takunkumin nan, ya ɗaga ƙungiyar daga ƙasa. A idon magoya baya shi ne sarki. A takarda kuwa Debbie ce shugabarsa. Kun san dai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Shekara da shekaru ba sa ga maciji, kowa a garin ya sani. A Janairun 2009 abin ya fito fili, aka yi musayar yawu a jarida tsakaninsa da wata mataimakiyarta kan wasu 'yan wasa da aka so ɗauka ba su zo ba, har ya ce ita mataimakiyar ba ta taɓa cin kofin ƙasa ba. A wannan makon kuwa Debbie tana gida wurin makokin yayarta. Da ta dawo ta fito ta ce tana bayan kocin nata. Ku yi tunanin matsayin. Wanda ke ƙarƙashinka ya fi ka farin jini, korar sa ba ta yiwuwa, ƙyale shi ya yi yadda ya ga dama ma ba ta yiwuwa. Wasu sun ce da namiji ne a kujerar ba za a kira shi mai wuyar sha'ani ba, za a ce jajirtacce ne. Wasu kuma da suka yi aiki da ita sun ce a'a, da gaske tana da zafi. Ni ina ganin maganganun biyu za su iya zama gaskiya a lokaci ɗaya.

Babban abin da ake kama ta da shi kuwa gini ne. Ganin ƙwallon Amurka ta farfaɗo, sai aka yanke shawarar faɗaɗa filin, a gina ɗakunan alfarma 64 da attajirai da kamfanoni za su riƙa haya suna kallon wasa daga sama. Aikin ya ci kusan dala miliyan 50, da bashi, bisa lissafin cewa kuɗin hayar zai biya. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 2008. Aka gama ginin a 2009, a shekarar kuma ƙungiyar ta ci wasa biyu kacal ta sha kashi a goma. Ɗakuna da yawa ba mai haya, bashi kuma bai san an faɗi wasa ba, lokacinsa na yi sai a biya.

Ta bar Maryland a 2010. A 2012 jami'ar ta rufe ƙungiyoyi bakwai cikin 27 saboda giɓin kuɗi. Ninƙaya ta maza da ta mata sun tafi, tanis na maza ya tafi. Har da ƙungiyoyin mata biyu da ita da kanta ta kafa a 2003, ta ƙwallon ruwa da ta wasan alkafura. Ku tsaya ku ji nauyin wannan. Yarinya ta taso tun tana 'yar shekara shida ana kai ta ninƙaya da asuba, ta zaɓi wannan makarantar saboda ƙungiyar, rana ɗaya a tara su a ɗaki a ce ƙungiyar ta mutu. Ba ta ci bashin ba, ba ta ga takardar ba, amma ita ta biya. A ƙarshen wannan shekarar Maryland ta sanar za ta bar ACC, rukunin da da ita aka kafa shi a 1953, ta koma Big Ten inda kuɗin talabijin ya fi tsoka. Masu suka suka ce Debbie ce ta haƙa ramin ta tafi ta bar shi. Masu kare ta suka ce ba ita kaɗai ta amince da ginin ba, kuma ba wanda ya hango karyewar 2008. Duk wanda ka bi, darasin ɗaya ne: sa hannun da darakta ya yi yau, ɗalibin da bai ma shigo makarantar ba shi zai ɗauki sakamakonsa.

Ina ta koma a 2010? Gida. Jami'ar NC State da ke birnin Raleigh, a jiharsu. Nan ne yayarta Kay ta yi koci tun 1975. Kay ita ce ta jagoranci matan Amurka suka ci zinare a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, shekara ɗaya bayan an gano tana da sankarar mama. Ta ci wasa sama da 700, ta yi ta fama da cutar tana aiki, har ta rasu ranar 24 ga Janairu 2009. Dandalin da matan makarantar ke wasa a kai sunanta yake ɗauke da shi. Wato Debbie ta zo ta zama shugaba a gidan da ko'ina ta juya sunan marigayiya yayarta take gani.

Nan ma ba a shimfiɗa mata tabarma ba. A 2011 tana neman kocin ƙwallon kwando na maza, manyan sunaye suka yi ta zillewa, aka fara raɗe-raɗin cewa ba mai son aiki a ƙarƙashinta. A taron manema labarai da ta gabatar da Mark Gottfried, aka yi mata tambayar. Ba ta ɓoye-ɓoye ba, ta kama sunan Gary Williams ta ce shi ne ya yi ƙoƙarin ɓata mata neman. Shi kuma ya musanta. Wasu suka ce ta yi daidai, wasu suka ce shugaba ba ya haka a bainar jama'a. Ku ma ku faɗi naku.

Akwai wani jadawali da ake haɗa sakamakon duk wasannin jami'a a shekara, maza da mata, a jera makarantu. Lokacin da ta zo, NC State tana ta 89. A kakar 2017 zuwa 2018 ta hau ta 15. Amma a zamanin nata ne kuma aka samu tabo. A binciken da hukumar FBI ta yi kan ƙwallon kwandon jami'o'i, wani mai yi wa kamfanin Adidas aiki ya shaida wa kotu cewa ya ba da dala 40,000 ta hannun wani mataimakin koci don a kai wa iyalan wani ɗan wasa, a lokacin da biyan 'yan wasa haramun ne a dokar NCAA. A 2021 aka hukunta makarantar, aka soke nasarorin kaka guda. Ba a tuhume ta da hannu a ciki ba, amma a gidanta abin ya faru, kuma kocin da abin ya faru a ƙarƙashinsa ita ta ɗauke shi.

Ta yi ritaya a 2019. Shekara biyar bayan nan, a 2024, ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NC State, ta maza da ta mata, duka suka kai zagayen huɗun ƙarshe na gasar ƙasa a shekara ɗaya. Kocin matan, Wes Moore, ita ta ɗauke shi a 2013. Kocin mazan, Kevin Keatts, ita ta ɗauke shi a 2017. Dave Doeren da ta kawo a ƙarshen 2012 ya zama kocin da ya fi kowa cin wasa a tarihin ƙwallon Amurka na makarantar. Kun lura? A Maryland bashin ya fashe bayan ta tafi. A NC State amfanin gonar ya nuna bayan ta tafi. Haka kujerar take, sakamakonta ba ya fitowa ranar wasa.

A shekarunta na ƙarshe, cikin manyan jami'o'i 65 da suka fi ƙarfi a wasanni, mata biyar ne kacal a wannan kujerar, har da ita. Cikinsu akwai Carla Williams ta Jami'ar Virginia, wadda a 2017 ta zama baƙar fata mace ta farko a wannan matakin. A 2020 Candice Storey Lee ta hau a Vanderbilt, a 2021 Nina King ta hau a Duke. Ana tafiya, amma tafiyar hawainiya.

To me ya shafe mu? Mu ma muna da abin alfahari a wannan fagen. Rena Wakama, kocin D'Tigress, a birnin Raleigh ɗin nan aka haife ta, ta tsarin wasannin jami'ar Amurka ta fito. Ta ci kofin Afirka a 2023, a 2024 kuma ta kai Najeriya zagayen kwata fainal a Olamfik ta Paris, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, ba ta taɓa yi ba. Mun yi murna. Amma ku tuna sau nawa muka ji 'yan wasanmu mata suna kukan alawus ɗin da ba a biya su ba. Wannan kukan daga ofis yake fitowa, daga teburin da ake raba kuɗi.

Don haka maganata ga ƙannena, musamman mata, ita ce: a duk harkar da kike, ko wasanni ne, ko ƙungiyar ɗalibai, ko asibiti, ko kasuwanci, ki tambayi kanki a ina ake yanke shawara, kuma me waɗanda ke zaune a wurin suka iya wanda ke ba ki iya ba. Sau da yawa amsar ita ce lissafi, kwangila, da iya neman kuɗi, aikin da kowa ke gudu don ba a tafa wa mai yin sa. In ana rabon muƙamai a ƙungiya aka ce wa zai riƙe ma'aji, kar ki sunkuyar da kai. Amma in kin karɓi makullin, ki tuna da 'yan ninƙayar Maryland. Duk takardar da za ki sa wa hannu, akwai wani da ba ya ɗakin wanda zai biya in lissafin ya kuskure.

A nan za mu dakata yau. Ina so in ji daga gare ku: da kai ne ko ke ce a kujerar a 2007, kuɗi na shigowa, ƙungiya na cin wasa, za a ci bashin a yi ginin, ko za a haƙura? Kuma abin da ta yi a taron manema labaran nan na 2011, jarumta ce ko kuskure? Ku rubuto mana, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda ya ji ya amfana ya tura wa abokinsa.